Ƙwayar melatonin da cikin dattawanmu

Tallar da ta cika wayoyinmu, daga TikTok zuwa zaurukan WhatsApp na 'yan uwa a unguwannin Agege da Idi-Araba da ke Legas, ita ce ta hana ni yin shiru. Ana kiran melatonin "maganin barci na asali" wanda zai dawo wa dattijo da barcinsa, har ya buɗe masa ciki, sai ɗa mai neman albarka ya shiga kemis ya sayo wa Baba ko Inna kamar wanda ya sayo dabino.

Melatonin homon ne, wato saƙon da jiki ke aika wa gaɓoɓinsa. Aaron Lerner ya ware shi a Jami'ar Yale a 1958 daga wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ne abin da ƙullin ke fitarwa da dare yana raguwa idan shekaru suka ja. A nan masu talla suke kafa hujja, su yi shiru a kan sauran. Tun a shekarun 1970 aka gano cewa hanji ma yana ƙera nasa melatonin, yawansa ya ninka na ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, kuma shi abinci yake bi fiye da yadda yake bin duhun dare. Wanda ya haɗiyi ƙwayar ya zuba ta ne a wurin da tuni yake da nasa tsarin.

Rashin cin abincin tsoho kuwa yana da nasa dalilai. Ɗaya daga ciki shi ne CCK, homon da ƙaramin hanji ke saki idan maiƙo da nama suka iso, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. A jikin dattawa yakan fi yawa, shi ya sa Baba ke yin loma uku ya wanke hannu. Ba don wannan aka yi ƙwayar barci ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suga. Ƙwayoyin jikin da ke fitar da insulin, homon da ke daidaita suga a jini, suna karɓar saƙon melatonin, kuma wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga Sifaniya ya nuna cewa miligiram 5 ya rage wa mata masu lafiya ƙarfin sarrafa suga. To, a Legas, inda cunkoson hanya ke kai tuwon dare ƙarfe goma, dattijo mai ciwon suga zai tashi daga kwano ya kora da ƙwayar, babu wanda ya tambaye shi komai.

Masu cewa ai ba ta kama jiki kamar sauran ƙwayoyin barci sun amsa tambayar da ba a yi musu ba. Ko abin da ke cikin kwalbar ba shi da tabbas: a 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun tarar wasu kwalabe sun gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wasu sun zarce da kashi 478. A Ingila sai da takardar likita ake samunta, miligiram 2 ga mai shekara 55 zuwa sama, na tsawon da bai wuce mako 13 ba. Mu kuwa a nan ana miƙa ta kamar alewa.

Ya kamata NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta duba abin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da jakunkunan matafiya, shi kuma mai kemis ya tambayi shekarun wanda za a ba da awon sugansa kafin ya karɓi kuɗi.