Wa ke koya wa yaranmu zama maza?

Ɗan yayata shekararsa 14. Har bara shi ke taya uwarsa girki, kuma wallahi ya fi yayyensa mata iya kaɗa miyar kuka. Ran nan abokinsa ya leƙo gidan, ya tarar da shi tsugune gaban murhu yana fifita wuta. Kafin magariba duk layin ya ɗauka: "Ɗan daudu!" Tun daga ranar ko ludayi bai ƙara taɓawa ba. Yanzu har budurwar ƙarya gare shi, wadda yake ba da labarinta a majalisa don kada a ce masa lusari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu manya mun bar wa titi wannan aiki. Yarinya ta fara al'ada, uwa da gwaggo za su zaunar da ita. Yaro kuwa ya yi mafarkin balaga, wa zai gaya wa? Uban da ko sunansa ba ya faɗa saboda kunyar ɗan fari? Sai a share masa shagon ƙofar gida a ce ya girma, alhali an miƙa shi ne ga sa'o'insa da waya.

Karatun majalisa kuma gajere ne. Namiji ba ya kuka, tun ranar kaciya aka fara raɗa masa. Namiji ba ya shiga madafa. Namiji sai da 'yan mata, wanda ya fi yawan lambobi a waya shi ne gwarzo. Mai sanyin murya ko mai kunya ya shiga uku. Wanda aka tsokana ya kasa ramawa da baki, wani yakan nemi ƙarfin hali a kwalba. Mun tuna 2018, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. An hana kwalbar, amma ba wanda ya tambayi abin da yaran ke son nunawa. Daba a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, da yawansu da "kai ba namiji ba ne" aka ja su.

Abin mamaki, addinin da muke tutiya da shi bai ce haka ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Nana A'isha ta ce yana taya iyalinsa aikin gida. Shi ya ce mai ƙarfi ba gwanin kayarwa a kokawa ba ne, wanda ya mallaki kansa lokacin fushi ne. Muna haddace wannan a Islamiyya, mu fito mu yi wa yaro dariya don ya riƙe tsintsiya.

Jiya na ce wa ɗan yayar tawa ya zo wurina ya yi mana miyar nan tasa. Ya yi shiru, ya leƙa waje, sannan ya ce, "Kawu, to sa wa ƙofar sakata tukuna."