Wadda aka yi wa aiki ma haihuwa ta yi

Ranar da aka ciro mini ɗana a nan Liyon ta ƙasar Faransa, na kira Inna a Garwa, arewacin Kamaru. Ta yi mini barka, sannan ta sassauta murya ta ce: "'Yar nan, kada dangin mijinki su ji aiki aka yi miki. Ki ce lafiya kika sauka." Ban ga laifinta ba. Ta san bakin mutanenmu na unguwar Yelwa, inda wadda aka yi wa tiyata sunanta raguwa, mai tsoron naƙuda.

Awa goma sha shida na yi ina naƙuda kafin bugun zuciyar yaron ya fara raguwa. Likita ta yi mini bayani, na sa hannu da kaina, ba a jira sai an nemo wani kawu ya ba da izini ba. A Faransa kusan kashi 21 cikin ɗari na haihuwa ta tiyata ake yi, kuma babu mai ɓoyewa. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa abin da ya dace kashi 10 zuwa 15 ne. Can gida, musamman ƙauyukan arewacin Kamaru da Chadi, ko kusa ba mu kai ba, kuma wannan ba jarumta ba ce. Matan da suka cancanci aiki ne ba su samu ba.

'Yar ƙanwar Inna kwana biyu ta yi a ɗaki ana ba ta rubutu, ana cewa ta daure, ai haihuwar fari ce. Da aka kai ta asibiti, ɗan ya riga ya koma, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Kan jariri ne ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai takardar Chèque santé ta sefa 6,000 da ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa har da tiyata, zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Ba kuɗi ne ya hana ba. Gori aka ji wa tsoro.

Amma da aka sallame ni bayan kwana biyar, na gane abin da Turawa ba su da shi. Ungozomar asibiti kan leƙo, ta duba ɗinki, ta auna yaro, ta tafi. Maigida ya samu hutun kwana 28, ya yi iya yinsa, sai dai namiji ba gwaggo ba ne. Ƙarfe uku na dare yaro na kuka, ni kuma sai na mirgina gefe, na dafa bango, kafin in iya zama. Tari ma sai na danne ciki da matashi. A lokacin na yi kewar gidanmu: wata ta karɓi jariri, wata ta dama kunu, wata ta gasa kauri, mai jego ba ta ko ɗaga bokiti sai ta yi arba'in.

Wannan gatan nake so a riƙe, a gyara masa zama. Cikin da aka ɗinke ba ya son ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya ana fyaɗa masa, ba ya son a gasa shi. Kunun kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. A bar jariri ya sha dakashi, kada a matse a zubar.

Da muka je gida bara, a gaban surukata da 'yan barka na ce aiki aka yi mini. Ɗakin ya yi tsit. Da la'asar wata matashiya mai tsohon ciki ta biyo ni har bakin zaure, ta tambaye ni a hankali ko ana jin zafi lokacin da ake yankawa.