Dawakin Exmoor ba burodinku suke jira ba

To madalla, mun ga bidiyon nan na masu ciyar da dawakin Exmoor na Ingila a bakin hanya. An tsaya da mota a tsakiyar titi, an sauke gilashi, ana miƙa wa godiya burodi da karas, ɗanta na sunsunar taya. A ƙasan bidiyon kuma sai ruwan addu'a daga masu sharhi, wai Allah ya ba da ladan ciyarwa. Wane lada? Ganganci ne tsagwaronsa.

Waɗannan ƙananan dawakin da ke yawo sake a tsaunukan Exmoor, kudu maso yammacin Ingila, ko ingarman cikinsu da ƙyar yake kai santimita 130 a tsaye. Bayan yaƙin duniya na biyu kusan 50 kacal suka rage. Godiya kuwa wata 11 take yi da ciki ta haifi ɗaya tal. Da haka aka lallaɓo irin har yau, sai ga mai tausayi ya zo da ledar burodi.

Duk wanda ya taɓa riƙe barga ya san doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga. Tumbinsa ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, awa 16 ko kusa da haka. Idan ka ɗura masa burodi da biskit, sitacin da bai narke ba yakan zarce babban hanji, ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narka ciyawa. Daga nan sai kumburin ciki, ko kumburin cikin kofato, wanda ke sa doki ya tsaya yana jingina baya don ya sauke nauyi daga ƙafafun gaba. Karas da tuffa kuma, idan ya haɗiye da gaggawa don kada ɗan'uwansa ya ƙwace, sukan tsaya a maƙoshi, ka ga koren ruwa na fita ta hanci.

Mafi muni ita ce ciyawar da injin aske fili ya yanka, wadda wasu ke juyewa a bakin hanya. Tun a tsibi ta fara ruɓa. An riga an daddatse ta, don haka doki ba ya taunawa balle yawu ya gauraya da ita. Tana isa ciki sai iska, kuma babu hanyar fita ta sama.

Wai ai yunwa suke ji, sun rame. Lokacin sanyi dama sukan zube, su murmure idan ciyawa ta tsiro. Suna da gashi ninki biyu, na ƙasa mai riƙe ɗumi, na sama mai maiƙo da ruwa ke silalewa a kai, kuma har ƙaya suke ci. Sannan kowane garke yana da mai shi, ana tattaro su duk kaka a duba 'ya'yan. Wai ai karas ɗaya ne kawai. Kai da motoci nawa kuka faɗi haka a yinin?

Don Allah, jama'a, da gaske nake. Dokin da ya koyi cewa mota na nufin abinci zai bar tudu ya dawo bakin kwalta, har da dare, har cikin hazo, ga jikinsa ruwan ƙasa mai duhu babu ko ɗigon fari. Zai fara cizo da harbi idan aka hana shi, kuma yaro ne ya fi kusa da bakinsa. Ka rage gudu, ka ɗaure karenka, ka ɗauki hotonka daga nesa, ka bar ledarka a rufe.

Af, mu da muke surutu kan dawakin Turawa, yaushe rabon wani ya ga ƙuru, irin gajeren dokin nan da mutanen Filato suka saba hawa a da ba sirdi? Kowa dogon doki yake nema saboda hawan sallah. Wanda ya san inda har yanzu ake kiwonsu ya sanar da ni.