Almakashi da takobi: nasiha ga matasa kan gadon marayu

'Yan'uwana matasa, akwai labarin da duk sanda na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Ina so ku ji shi tun kafin ranar da za a zaunar da ku rabon gado.

A shekarar 511 Kulobis, sarkin Farankawa, wato mutanen da suka mulki yankin da Faransa take a yau, ya rasu a Paris, aka raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa maza huɗu kamar yadda ake raba gona. A 524 ɗaya daga cikinsu, Kulodomar, ya mutu a yaƙi da mutanen Burgundi, ya bar marayu maza uku a hannun kakarsu Kulotilda. Ƙannensa biyu, Shildebar da Kulotar, suka sa ido a kan rabon yaran.

Giregori, bishop na garin Tur, shi ya rubuta abin da ya biyo baya. Baffannin suka aika wa tsohuwa cewa ta turo jikokinta za a naɗa su sarauta. Ta yi murna, ta ba su abinci suka ci, ta sallame su. Ba a jima ba sai ga manzo ya shigo mata da almakashi a hannu ɗaya, takobi tsirara a ɗaya. A wannan gida dogon gashi shi ne alamar jinin sarauta, wanda aka aske kuwa ya fita daga layin gado. Aka ce ta zaɓa: aski ko yanka. Cikin ɗimuwa ta ce gara ta gan su a mace da ta gan su a aske, manzo bai tsaya ta dawo hayyacinta ba ya juya.

Kulotar ya soke babban, ɗan shekara 10. Na biyun, ɗan shekara 7, ya ruga ya rungume ƙafafun Shildebar yana kuka yana neman ceto. Shildebar ya zubar da hawaye, ya roƙi a bar yaron, amma da Kulotar ya yi masa barazana sai ya ture yaron, Kulotar ya kashe shi. Wannan turewar ta fi komai ci mini rai, domin ya san ana zalunci, ya kuma zaɓi tsira da kansa. Na ukun, Kulodowal, aka gudu da shi, daga baya ya aske kansa da hannunsa ya shiga zaman ibada.

Kulotar ya samu abin da yake nema. A 558 ƙasar duka ta dawo hannunsa. A 560 ya sa aka ƙone bukka da ɗansa Karam a ciki, da matar ɗan da 'ya'yansu mata, saboda ya yi masa tawaye. A 561 ya mutu, 'ya'yansa huɗu suka sake yanka ƙasar.

Ku ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke cusawa cikinsu. Yawancinmu ba za mu ɗauki wuƙa ba, amma kujerar Shildebar tana jiran da yawa daga cikinmu: yayanka ya sayar da filin marayu, kana gani, ka yi shiru wai kada zumunci ya lalace. In akwai maraya a gidanku, ka tambaya a gaban shaidu ina takardar gidan ubansa take, kuma a hannun wa.