Kalmar "farb": ta ga agogon hannu, ba ta ga bayi ba

A Amurka akwai mutanen da ke ware ƙarshen mako su sa kakin sojojin Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865, wanda aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, su kafa tanti a fili, su yi ta harba bindiga da albarushi zalla. Mu kira su masu kwaikwayon tarihi. Harkar ta kankama ne a bikin cikar yaƙin shekara ɗari, lokacin da aka sake wasan gumurzun Manassas a Yulin 1961.

A tsakaninsu akwai wata kalma mai zafi, wato farb. Da ita ake jifar wanda shigarsa ta saɓa wa zamanin. Rigarka ta ulu ta yi daidai, amma agogon hannu ya leƙo, ko tabarau na yanzu, ko takalmi mai tafin roba? Shi ke nan, ka zama farb. Wasu na cewa ta samo asali daga kalmar Jamusanci Farbe, launi ke nan. Masu tsanani a cikinsu har ramin maɓalli suke dubawa, ɗinkin hannu ne ko na keke.

Ban raina wannan ƙwaƙƙwafi ba. Wanda ya taka filin Gettysburg, inda aka yi babban gumurzu a 1863, cikin rigar ulu a zafin Yuli, gumi na zuba, bindiga na cin kafaɗarsa, ya san wani abu game da sojan 1863 wanda littafi ba zai ba shi ba.

Inda nake ja da kalmar shi ne ma'auninta ya tsaya a tufafi. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a Amurka, kuma a kansu aka yi yaƙin. Jihar Mississippi ta Kudu da kanta, a sanarwar ɓallewarta daga Amurka ta Janairun 1861, ta ce matsayinta a ɗaure yake da bauta. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 sun shiga rundunar Arewa. Duk da haka sai mutum ya sa kakin Kudu tsaf, maɓalli da ɗinki babu makusa, ya tsaya gaban yaran makaranta ya ce musu rikicin na 'yancin jihohi ne kawai, kuma ba mai ce masa farb. A ganina shi ya fi cancantar sunan. Mai agogo ya cire abinsa ya sa a aljihu, an wuce wurin. Yaran nan kuwa da maganar za su koma gida.