Fam Uku da Sule Goma

Zauren wasu magina ne a birnin Zariya, bayan la'asar. Kaka Magini, wanda ya doshi casa'in, yana kishingiɗe a kan buzu. Ɗansa, Ɗan Kwangila, yana latsa waya. Jikan kuwa, Injiniya, tunda ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello hular kwano ba ta sauka daga kansa ba, ko a zaure. Sai ga Alhaji Bakano ya yi sallama, yana fifita da hula.

ALHAJI: Baba, barka da hutawa. Ƙara na kawo. Katangar gidanmu na Fagge ta tsage tun daga sama har ƙasa, ƙadangare na shiga da iyalansa.

KAKA: Katangan ya tsage?

ALHAJI: Ta tsage, Baba. Katanga mace ce. Ku Zagezagi har yau ba ku raba mace da namiji a baki ba.

KAKA: Mace ne ko namiji ne, wa ya biya kuɗinsa? Wanne daga ciki ya tsage, na zaure?

ALHAJI: A'a, zaure lafiyarsa ƙalau. Ɗakunan cikin gida ne, na siminti.

KAKA: (ya koma ya kishingiɗa, bai ko kalli ɗansa ba) To, ka tambayi yaron nan.

ƊAN KWANGILA: Baba, shekarata sittin da bakwai fa.

ALHAJI: Kafin mu je can, wancan allon da kuka kafa a ƙofa, na ga an rubuta "Tun 1834". Wa ya haife ku a 1834?

INJINIYA: Ni na sa aka rubuta, Alhaji. Shekarar da Sarkin Zazzau Abdulkarim ya hau gadon mulki ke nan. A zamaninsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na garin nan, kuma kakan kakan Tsoho na cikin ma'aikatan.

ALHAJI: Me yake yi a wurin?

KAKA: Shi ke cilla wa Babban Gwani tubali.

ALHAJI: Au, ashe lebura ne.

KAKA: Leburan Babban Gwani ya fi injiniyan wani gidan. Ka san cilla tubali? Magini na zaune bisa katanga kamar ya hau doki, kai kana ƙasa, ka cillo masa ya cafe bai duba ba, ya dasa, ya cike da kwaɓi, kafin ya miƙo hannu wani ya iso. In ka makara a zage ka, in ka yi gaggawa ka fasa masa haƙori. Haka na gina zauren kakanka, ranin 1960, ana ta kiɗan samun 'yancin kai ni ina kan katanga. Sai da muka kwaɓa ƙasa da ciyawa muka bar shi ya ruɓa, kullum a zuba ruwa a tattake. Azara na giginya, wanda gara ke gani ya sauya hanya. Da yake ɗakin ya fi ƙarfin tsawon azara, na ɗaura masa bakan gizo, lanƙwasasshen ginin nan mai ɗaukar rufi. Waje na shafe shi da makuba, rufin kuma laso, simintinmu na gargajiya, da katsin marinanku na Ƙofar Mata. Yau ko indararo ɗaya ya faɗi?

ALHAJI: Bai faɗi ba. Sai dai duk shekara kafin damina sai an yi masa yaɓe.

KAKA: Kai ma duk safiya sai ka shafa mai.

ƊAN KWANGILA: Alhaji, a zo kan tawa. Ni na kama sana'a lokacin ƙarin albashin Udoji, kuɗi ya shigo hannun ma'aikata, kowa ya ce ya gaji da ginin ƙasa. A 1975 jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi layi a tashar Legas, wani ya daskare a cikin jirgi kafin a sauke. Baba ya ce duk wanda ya shigo masa da bulo gida ya bar gidan.

KAKA: Kuma ka shigo da shi.

ƊAN KWANGILA: Da shi aka yi maka kujerar Makka, Baba. To, 1982 mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya kira ni. Na ce bulo mai inci tara, ya ce mai inci shida. Na faɗi buhunan da aikin zai ci, ya raba biyu, ya ce yashi ai kyauta Allah Ya zuba shi a rafi. Na ce Alhaji wannan kwaɓin ba zai kama ba, ya ce a ƙara ruwa. Ginin da ya yi shekara arba'in da wani abu a kan wannan kwaɓin, ai addu'ar iyaye ce ta riƙe shi.

ALHAJI: Wato laifin mamaci ne.

ƊAN KWANGILA: Iya kuɗinka, iya shagalinka. Kuma ko kuɗin ba a cika ba.

ALHAJI: A bar tone-tone. Ni yanzu bene nake so a ɗora a kan ɗakunan, hawa biyu, sama haya ƙasa shaguna. Tsagar a cusa mata siminti a shafe da fenti.

INJINIYA: (ya juyo da kwamfuta) Ga shi na zana, har da fitilu da mota a ƙofa. Amma ba a kan wancan harsashin ba. Sai an rushe, an gwada ƙasa, an kai zane hukumar tsara birni ta sa hannu. Ginshiƙai rodi mai kaurin milimita sha shida.

ALHAJI: Mai goma fa? Ai duk ƙarfe ne.

INJINIYA: Allura ma ƙarfe ce, Alhaji.

KAKA: Wannan ɗan neman, gidaje nawa ka gina?

INJINIYA: Goma sha ɗaya, Tsoho.

KAKA: A ina?

INJINIYA: Suna cikin kwamfuta.

KAKA: Shi ya sa ko ɗaya bai tsage ba. Miƙo mini gafakan can.

Aka miƙa masa. Ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun ajami, gefenta duk cin gara. Azara ce kawai gara ke jin kunya a gidan nan.

KAKA: Cikon kuɗin zaure, fam uku da sule goma. Kakanka ya ce in dawo bayan an sayar da gyaɗa. Na dawo, ya ce bayan Salla. Har dalan gyaɗa ya ƙare a Kano ban ga kuɗina ba.

ƊAN KWANGILA: Nawa cikon naira ɗari takwas.

INJINIYA: Ni ma kuɗin zane...

ALHAJI: Kai naka bai nuna ba tukuna, sai ya shekara. Baba, ku gode wa Allah. Ba ana ba da labarin cewa da Babban Gwani ya gama wa sarkin Birnin Gwari aiki, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa ba? Mu tsawon zuriya uku ko mari ba mu taɓa yi muku ba. Ciko kawai muke riƙewa, don zumunci ya ɗore. Da kakana ya biya, da yau ina zan san ku?

KAKA: Kano ko da me ka zo an fi ka. Har da taurin bashi.

ALHAJI: To yau zan wanke gidanmu. Injiniya, buga lissafi. Da aka sauya kuɗi a 1973, fam ɗaya naira nawa?

INJINIYA: Biyu.

ALHAJI: Fam uku naira shida. Sule goma naira ɗaya. Bakwai. A tara da ɗari takwas.

INJINIYA: Haba Alhaji! Naira ɗari takwas ta zamanin Shagari, lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja? Yanzu ko bulo biyu...

ALHAJI: Abin da ke rubuce shi ake biya. Ga dubu ɗaya, sabuwa fil. A ba ni canjina, 193.

Aka shiga lalube. Ɗan Kwangila ya fito da ɗari da hamsin, Injiniya ya haɗa ashirin biyu, ɗaya an liƙe ta da salatif. Alhaji ya ƙirga sau biyu, ya ɗaga mai salatif ɗin ya duba ta a haske.

ALHAJI: Saura naira uku. A rubuta a takardar nan, ina bin gidan magina naira uku.

INJINIYA: Kawo lambar asusunka in tura maka yanzu, mu rabu lafiya.

Kaka ya kama hannun jikan ya danne wayar. Ya jawo tawada, ya juya bayan takardar, ya rubuta a hankali, ya hura ta bushe, ya mayar cikin gafaka.

KAKA: An rubuta, Alhaji. Jikanka ya zo ya karɓa, bayan an sayar da gyaɗa.