Ba a zama daktan jinya a kan allon waya

Tallar nan ta sake dawowa cikin zaurukan WhatsApp na ma'aikatan jinya a Kaduna, kuma wannan karon da ƙarfinta ta zo. Hoton mace sanye da rigar kammala karatu, a ƙasa an rubuta cewa ka yi digirin DNP daga ɗakinka cikin wata 12 ko 18, babu zuwa aji, babu barin aiki, kuɗi kuma a biya kashi-kashi. Har da wakilin da zai cike maka takardu. Mai haja dole ya yi wa hajarsa kirari, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ke ɓata rai shi ne manyan sistoci da metironi, mutanen da suka shekara ashirin tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, su ne ke tura tallar ga na ƙasa da su, suna cewa ga hanyar da za a kamo likitoci a matsayi.

DNP digirin digirgir ne na aikin jinya, kuma a Amurka aka tsara shi domin buƙatar Amurka. A 2004 ƙungiyar kwalejojin koyar da jinya ta ƙasar, AACN, ta yanke cewa horon ƙwararrun ma'aikatan jinya ya tashi daga digiri na biyu zuwa na uku. Ƙwararrun da ake nufi kashi huɗu ne: masu duba marar lafiya su rubuta magani, masu ba da maganin barci a tiyata, ungozomomi masu babban horo, da ƙwararru a kan wani fanni guda na jinyar asibiti. Bambancinsa da PhD a fili yake. Mai PhD yana haƙo sabon ilmi ta hanyar bincike. Mai DNP yana ɗauko abin da bincike ya riga ya tabbatar, ya shigar da shi cikin aikin asibiti, ya auna ko majinyata sun samu sauƙi. Saboda haka a 2006 aka gindaya cewa ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 1,000 na aiki a ƙarƙashin kulawa bayan digirinsa na farko.

Wannan adadi shi ne masu talla ke tsallakewa. Awa 1,000 daidai yake da zuwa aiki sau 125 na awa takwas-takwas. Galibin makarantun kirki ba sa ƙirga aikinka na yau da kullum da ake biyan ka albashi a kansa, don haka diyutin dare da sista ke yi a sashenta ba ya shiga lissafi. Wanda ya shigo da digiri na biyu ana iya yafe masa wani kaso, amma sai jami'ar da ya baro ta cike takardar shaida cewa ya yi awa kaza a gaban majinyaci ƙarƙashin malami wane. Idan digirinka na biyu na aji ne da rubuta kundi, kuma takardarka ba ta nuna awannin ba, daga farko za ka soma. Laccoci da jarrabawa da muhawarar ɗalibai, duk waɗannan ana yin su ta intanet, kuma babu laifi a ciki. Sauraron ƙirjin yaro mai ciwon haƙarƙari, ko gane cewa mai jego ta fara zubar da jini fiye da ƙima, sai an tsaya a bakin gado tare da wanda ya fi ka sani.

To wa zai tsaya da kai a Kaduna? Makarantar da ke da sahalewar CCNE ko ACEN, hukumomi biyu da ke tantance karatun jinya a Amurka, za ta nemi abu uku kafin ka taɓa majinyaci da sunanta. Za ta nemi mai kulawa da ta amince da takardunsa. Za ta nemi yarjejeniya a rubuce tsakaninta da asibitin da za ka yi aikin, wadda lauyoyin ɓangarorin biyu suka duba. Galibi za ta kuma nemi lasisin jinya na Amurka mai aiki, wanda ba ya samuwa sai an tantance takardunka an ci jarrabawar NCLEX. Yawancin waɗannan makarantu ma ba sa yarda a yi awannin a wajen Amurka, musamman a fannin masu rubuta magani. Ko a can, neman mai kulawa shi ne abin da ya fi wahalar da ɗaliban nesa, har wasu su rasa zangon karatu guda suna jira. Saboda haka idan wata makaranta ta karɓi nas daga Tudun Wada ko Kakuri ba ta tambayi lasisi ba, ba ta tambayi asibiti ba, ba ta tambayi mai kulawa ba, to ta riga ta faɗa maka irin takardar da take sayarwa.

Akwai kuma abin da ko masu niyyar ƙwarai ba su fahimta ba. Ko a Amurka, takardar DNP ita kaɗai ba ta ba mutum ikon duba marar lafiya ya rubuta magani. Sai ya ci jarrabawar hukumar ƙwararru ta fanninsa, sannan hukumar jinya ta jiharsa ta ba shi lasisi na musamman. A nan gida, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, ita ke da rajista, kuma abin da ta sani shi ne nas, da ungozoma, da fannonin ƙwarewa na bayan horon farko: ido, kunne da hanci da maƙogwaro, ƙwaƙwalwa, tiyata, maganin barci, yara da sauransu. Babu wani gurbi a dokarmu da mai DNP zai shiga ya samu ikon da takwaransa na Amurka ke da shi. Ranar da ka dawo aiki da takardarka, aikinka shi ne na jiya, ikonka shi ne na jiya. A ɓangaren albashi kuma, ma'aikacin gwamnati da ya yi karatu ba da izinin ma'aikatarsa ba, kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ba ta tantance takardarsa ta waje ba, zai sha zarya kafin a ɗaga shi ko mataki ɗaya a CONHESS, tsarin albashin ma'aikatan lafiya.

Tantancewar nan kuwa ta yi tsauri, kuma kowa ya san dalili. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kafin nan, a Janairun 2023, hukumomin Amurka sun bankaɗo wasu makarantu a Florida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600. Duk wanda ke riƙe da takardar jinya daga makarantar da ba a san ta ba, yau da idon zargi ake kallon sa, a gida da waje.

Sai batun kuɗi. Makarantun Amurka da kiredit suke caji, wato ma'aunin nauyin kowane darasi, kuma wanda ya shigo da digiri na biyu yakan ɗauki kiredit talatin da wani abu. A ƙaddara kiredit 35 ne, kowanne a dala 800. Dala 28,000 ke nan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi kuɗin makaranta kaɗai naira miliyan 42 ne, ban da littattafai, ban da tantance takardu, ban da tikitin jirgi idan makarantar na buƙatar a zo gwajin hannu na 'yan kwanaki. Wanda ya fara biya a zangon farko ba shi da tabbacin farashin da zai tarar a zango na huɗu, kuma makaranta ba ta sakin sakamako ga mai bashi. Ajin da ake yi ƙarfe bakwai na yamma a New York, a Kaduna sha biyun dare ne ko ɗaya na dare, ga wutar da ba ta da tabbas, ga diyutin safe na jira. Wanda kuma aka ce masa zai samu duk wannan a dala dubu biyu ko uku, ya tambayi kansa me aka cire.

Masu kare tallar na cewa ilmi ba ya ɓaci, kuma ai duniya ta koma intanet. Wannan magana ce ta wanda ba shi zai biya miliyan arba'in ba.

Gaskiyar da ake kewayewa ita ce laƙabin ake so. Shekara da shekaru ma'aikatan jinya na jin an danne su a asibitocinmu, kuma kukansu na da tushe. Yajin aikin gargaɗi da ƙungiyarsu ta NANNM ta shiga a ƙarshen Yulin 2025 ya fito da tsofaffin buƙatu, har da aiwatar da tsarin aikinsu da aka amince da shi tun 2016. Amma sayen "Dakta" a gaban suna ba ya ƙara nas ko ɗaya a sashen da mutum biyu ke kula da gado talatin. A asibitin da tsohuwa daga Giwa ko Kajuru ke kiran duk mai farar riga likita, laƙabin da babu horon hannu a bayansa haɗari ne ga majinyaci, kuma ranar da aka yi kuskure, sunan aikin jinya gaba ɗaya za a ɓata. Wanda ya tura wa ƙanwarsa a aiki wannan talla, ya sa ta ci bashin banki ko ta sayar da filinta a Rigasa, ya cuce ta, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin baƙin ciki shi ne aikin da aka ƙirƙiri DNP dominsa, shi ne ainihin abin da asibitocinmu ke ƙishirwa. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar, maimakon ƙiyasi da ido. Da zarar ya kai ƙima, a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, tiranekzamik asid, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan bai tsaya ba. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kashi 60 cikin 100. Ɗauko wannan a dasa shi a babban asibitin Kafanchan ko Saminaka, a horar da ungozomomi, a tabbatar oksitosin na cikin sanyi, a ƙirga sakamako wata shida kafin da wata shida bayan, a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a taɓa fayil ɗin kowa, wannan shi ne irin aikin kammalawa na DNP na gaske. A ɗakin haihuwa ake yin sa, kuma ɗakunan haihuwar suna nan Kaduna.

Jihar nan ba ta rasa wuraren horo ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika, ga Barau Dikko, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga Cibiyar Kula da Kunne, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Cibiyar karatu daga nesa ta ABU ta riga ta nuna ana iya koyar da digirin farko na jinya ga masu aiki ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Ya kamata NMCN da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, su zauna su samar da gurbin ƙwararren nas a doka, da iyakar abin da zai iya rubutawa, sannan jami'o'inmu su gina digirin a kan waɗannan asibitoci, darasi ta intanet, awanni a bakin gado. Manufar gwamnati ta 2014 ta raba ayyukan lafiya tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya ta riga ta buɗe ƙofar. Kafin a kai can, NMCN ta fito fili ta bayyana matsayinta a kan DNP na waje, a rubuce, domin wakilan da ke yawo a zaurukan ma'aikatan jinya suna cin kasuwarsu ne a cikin wannan shirun.